Raymond Dart: Malamin da ƙoƙon kan wani yaro ya haɗa shi faɗa da manyan masanan Ingila

A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 1924 aka sauke wasu akwatuna biyu cike da duwatsu a ƙofar gidan wani matashin farfesa a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu. Ranar ba ta aiki ba ce a wurinsa, domin a gidan nasa za a ɗaura auren wani amininsa, shi ne kuma babban abokin ango. Yana tsakiyar sa kayan biki ya hangi masu dakon, ya bar shirin ya je ya ɓalle murfin akwatunan. A na farko bai ga wani abin kirki ba. A saman na biyu kuwa ya ga wani dunƙulen dutse mai siffar ƙwaƙwalwa, har da alamun jijiyoyin jini a jikinsa. Sai da ango ya zo ya yi masa magana kafin ya wanke hannu ya fito wajen baƙi. Sunan wannan farfesa Raymond Arthur Dart, shekarunsa 31 a lokacin, kuma abin da ya gani a akwatin ne ya ɗaukaka sunansa, bayan ya fara janyo masa wulaƙanci na fiye da shekara ashirin.

An haife shi ranar 4 ga Fabrairu, 1893, a unguwar Toowong ta birnin Brisbane a ƙasar Ostareliya, daidai lokacin da wata babbar ambaliya ta mamaye garin. Shi ne na biyar cikin 'ya'ya tara. Gidansu gidan noma ne da kiwo, kuma na riƙo da addinin Kirista sosai, har burinsa na ƙuruciya shi ne ya zama likitan mishan a ƙasar Sin. Ya yi karatun kimiyya a Jami'ar Queensland, ya wuce Jami'ar Sydney inda ya kammala likitanci a 1917, sannan ya yi aikin likitan soja a Ingila da Faransa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da aka gama yaƙi ya zauna a Landan ƙarƙashin Grafton Elliot Smith, ɗan ƙasarsu kuma gwani a ilimin ƙirar ƙwaƙwalwa. A wurinsa Dart ya koyi karanta ƙwaƙwalwa kamar yadda ake karanta taswira, ilimin da ya yi masa rana daga baya. Ya yi shekara guda a Amurka, a can ya auri Dora Tyree a 1921.

Ba da son ransa ya tafi Afirka ba. Da aka nemi wanda zai riƙe kujerar farfesan ilimin sassan jiki a sabuwar Jami'ar Witwatersrand, malaminsa ne ya matsa masa ya nema, shi kuwa yana ganin kamar an kore shi ne daga inda ilimi yake. Ya isa Johannesburg a farkon 1923 ya tarar da sashen ba ɗakin karatu, ba kayan aiki, ba ƙasusuwan da za a koyar da ɗalibai da su. Sai ya sa kyautar fam biyar ga duk ɗalibin da ya dawo daga hutu da ƙashi mafi ban sha'awa.

Wannan dabara ce ta buɗe ƙofa. Wata ɗalibarsa, Josephine Salmons, ta ga ƙoƙon kan bika, birin nan mai doguwar fuska da ke zama a duwatsu, an ajiye shi a matsayin ado a gidan wani babban jami'in kamfanin da ke haƙar farar ƙasa a Taung, wani gari da ke arewa da Kimberley a bakin hamadar Kalahari. Ƙoƙon ya daɗe a ƙasa har ya zama dutse. Ta aro shi ta kawo wa malaminta. Dart ya roƙi abokin aikinsa, masanin duwatsu Robert Young, da ya sa a riƙa tara masa duk ƙashin da nakiya ta fasa daga mahaƙar. Sakamakon wannan roƙo ne akwatunan da suka iso ranar ɗaurin aure. Tarihi ya riƙe sunan manajan mahaƙar da na Baturen da ke sa nakiya, amma bai riƙe sunan ko ɗaya daga cikin baƙaƙen leburorin da suke fasa dutsen suna kwashe shi ba.

Abin da ya faru da wannan ƙoƙon kai tun zamanin da shi ne, bayan mai shi ya mutu, yashi da ruwa mai farar ƙasa sun cika cikinsa suka daskare, suka ɗauki siffar ƙwaƙwalwar da ta ruɓe. Dart ya ci gaba da tona akwatin har ya samo wani dutsen da dunƙulen ya shige cikinsa daidai, ya gane cewa fuskar tana binne a ciki. Ba shi da kayan aikin irin wannan tono, don haka ya yi amfani da ƙaramar guduma da kurfi, da kibiyoyin saƙa na matarsa waɗanda ya wasa bakinsu. Ya yi makonni yana ɓantarar dutsen kaɗan-kaɗan. Ranar 23 ga Disamba dutsen ya rabu, fuskar ƙaramin yaro ta bayyana, da cikakkun haƙoran yarinta, bai yi famfara ba, turamen farko na girma suna fara ɓullowa. Dart ya ƙiyasta shekarunsa shida. Binciken baya ya nuna bai wuce uku zuwa huɗu ba, kuma ya rayu ne fiye da shekara miliyan biyu da suka wuce.

Abubuwa uku suka tsaya masa a rai. Ƙwaƙwalwar ƙarama ce, kusan sulusin ta mutumin yau, ba ta fi ta manyan birai marasa wutsiya irin su cimfanzi da wani abin a zo a gani ba, amma a ganinsa tsarinta ya karkata zuwa na mutum. Fiƙoƙin gajeru ne, ba irin zaƙo-zaƙon na biri ba. Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne ramin da laka ke bi ta fito daga ƙoƙon kai ta shiga ƙashin baya. A dabbar da ke tafiya da ƙafa huɗu ramin yana can wajen ƙeya, saboda kai yana rataye ne a gaban jiki. A mutum kuwa yana ƙarƙashin ƙoƙon, domin kai yana zaune ne a bisa ƙashin baya kamar tulu a kan gammo. Na yaron Taung ya matso gaba. Daga nan Dart ya yanke cewa wannan halitta tana tafiya a miƙe da ƙafa biyu, hannayenta a sake. Ya kuma lura cewa Taung busasshiyar ƙasa ce mai nisan gaske da dazuzzukan da cimfanzi da gorila ke zama.

Bai tsaya neman shawarar kowa ba. Ya rubuta maƙala ya aika wa mujallar kimiyya ta Nature da ke Landan, ta fito ranar 7 ga Fabrairu, 1925. Ya raɗa wa halittar suna Australopithecus africanus, wato birin kudu na Afirka, ya ce tana tsakanin birai da mutane, kuma ta gaskata hasashen da Charles Darwin ya yi tun 1871 cewa a Afirka ya fi dacewa a nemi tushen ɗan Adam.

Mako guda bayan haka manyan fannin huɗu suka mayar da martani a mujallar: Arthur Keith, Arthur Smith Woodward, W.L.H. Duckworth, da malaminsa Elliot Smith. Cikin ladabi suka fara, amma ma'anar maganar akasarinsu ɗaya ce, wato wannan ɗan biri ne kawai, dangin cimfanzi ko gorila. Da tafiya ta yi nisa ladabin ya ragu. Har sunan da ya raɗa sai da aka yi wa ba'a, wai ya gwamutsa Latin da Girkanci a kalma guda. Da aka baje kwafin ƙoƙon a babban bikin baje kolin daular Birtaniya a Wembley cikin 1925, Keith ya fito fili ya ce iƙirarin ba shi da tushe. Jaridu da masu barkwanci suka mayar da sunan Taung abin tsokana. Ta wani gefen kuma wasiƙu suka yi ta zuwar masa daga masu ganin ya taɓa addini, wasu na tsinuwa, wasu na barazana. A shekarar ce aka gurfanar da wani malamin makaranta, John Scopes, a jihar Tennessee ta Amurka saboda koyar da ra'ayin juyin halitta, don haka maganar tana da zafi a ko'ina.

Adalci ne a faɗi cewa masu sukar suna da hujja guda mai ƙarfi. Ɗan biri ya fi babban biri kama da mutum nesa ba kusa ba, domin sai ya girma muƙamuƙinsa ke tsawo, goshinsa ya kwanta. Gina babban iƙirari a kan ƙoƙon yaro ɗaya tilo, wanda ba a ma san adadin shekarun da ya yi a ƙasa ba, ganganci ne a idon masu taka-tsantsan, kuma Dart ya yi rubutun da zafin kai irin na matashi.

Sai dai sauran dalilan ƙin nasu ba na kimiyya ba ne zalla. Akasarin masanan lokacin sun riga sun sa a ransu cewa Asiya ce mahaifar ɗan Adam, musamman tun da likitan nan ɗan Holan, Eugène Dubois, ya haƙo ƙasusuwa a tsibirin Java a 1891. Ga kuma raini, domin Turawan mulkin mallaka da yawa ba su shirya jin cewa asalinsu yana nahiyar da suke mulka ba. Babban cikas ɗin kuwa yana Ingila kanta. A 1912 an sanar da samun wani ƙoƙon kai a Piltdown, mai babbar ƙwaƙwalwa irin ta mutum da muƙamuƙi irin na biri. Wannan ya dace da abin da manyan suke so su ji, cewa hankali ne ya fara girma kafin sauran jiki ya biyo baya. Keith da Woodward da Elliot Smith duk sun zuba sunansu da shekarunsu a kan Piltdown. Yaron Taung ya zo da akasin haka: ƙafafu da haƙora sun riga ƙwaƙwalwa sauyawa. In Dart ya yi daidai, to aikin rayuwarsu ya shiga ruwa.

Ya sake gwadawa a Fabrairun 1931, inda ya ɗauki ƙoƙon da kansa zuwa Landan. Ya yi rashin sa'a, domin a taron da ya yi jawabi, Elliot Smith ya riga shi tashi da hotuna da kwafin ƙasusuwan da aka samo kusa da birnin Beijing, waɗanda duniya ke ta magana a kansu. Jawabin Dart ya zo a sanyaye, shi kansa ya san bai gamsar da kowa ba. Babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya ta ƙi buga dogon littafin da ya rubuta a kan ƙoƙon, sai dai ɓangaren haƙora kaɗai, shi kuwa ya tattara takardunsa ya koma gida. Ya bar ƙoƙon a Landan don a yi kwafinsa, matarsa za ta taho da shi. Wani dare ta manta da shi a kujerar bayan tasi. Direban ya ga ƙunshin, ya buɗe ya ga kan yaro, ya miƙa wa 'yan sanda, a wurinsu aka karɓo shi washegari.

Daga nan gwiwarsa ta yi sanyi. Ya kusan shekara goma sha biyar bai koma neman burbushin ƙasusuwa ba. Ya mayar da hankali ga gina makarantar likitanci, wadda ya shugabanta daga 1925 zuwa 1943. Aurensa na farko ya mutu, ya auri Marjorie Frew a 1936.

Wanda ya ɗauki faɗan a madadinsa wani dattijon likita ne ɗan Sikotilan, Robert Broom, wanda ya yi suna wajen nazarin ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare. Makonni biyu da fitowar maƙalar 1925 ya faɗo ɗakin binciken Dart ba sanarwa, ya wuce kowa ya durƙusa a gaban ƙoƙon. Broom ya gane cewa gardamar ba za ta mutu ba sai an samo babba. A 1936, yana da shekara kusan saba'in, ya samo ƙoƙon babban Australopithecus a kogon Sterkfontein kusa da Johannesburg. A 1938 wani ɗan makaranta ya kai shi ga wani nau'in a Kromdraai. Ranar 18 ga Afrilu, 1947, shi da mataimakinsa John Robinson suka fasa dutse suka ci karo da ƙoƙon da ya kusan cika, wanda aka yi wa laƙabi da Mrs Ples, sannan a cikin shekarar suka samo ƙashin ƙugu da na baya waɗanda suka nuna tafiya a miƙe ƙarara. Kafin wannan, farfesan Jami'ar Oxford, Wilfrid Le Gros Clark, ya zo ya duba ƙasusuwan da idonsa, ya tafi taron masana tarihin da na Afirka da Louis Leakey ya shirya a Nairobi a Janairun 1947, ya bayyana cewa waɗannan halittu suna layin mutum ne, ba na biri ba. A shekarar ce Arthur Keith, yana da shekara fiye da tamanin, ya rubuta wa Nature gajeriyar wasiƙa ya amsa cewa Dart ne ke da gaskiya, shi ne ya yi kuskure. Ba kowane babba ke iya wannan ba. A 1953 kuma asirin Piltdown ya tonu: ƙoƙon mutum ne na 'yan ƙarnuka, aka haɗa da muƙamuƙin birin orangutan, aka goge haƙoran da magagari, aka rina su don su yi kama da tsofaffi.

Da a ce labarin Dart ya tsaya a nan, da ya zama labarin wanda aka zalunta gaskiya ta yi halinta. Amma rabin rayuwarsa na biyu ya fi haka sarƙaƙiya. Ɗalibansa, ciki har da Phillip Tobias wanda daga baya ya gaje kujerarsa, suka ja hankalinsa zuwa kogon Makapansgat a 1945, inda aka samu dubban ƙasusuwan dabbobi tare da na Australopithecus. Dart ya ga wasu sun yi baƙi ya ce wuta ce ta ƙona su, har ya raɗa wa halittar wurin sunan Prometheus, wanda a tatsuniyar Girkawa ya sato wa mutane wuta. Daga baya aka gano ma'adinin manganis ne ya rina su. Ya ga muƙamuƙai da ƙahoni da ƙasusuwan ƙafar barewa sun fi sauran sassa yawa, ya ga kawunan bika da dama a fashe, sai ya yanke cewa waɗannan halittu mafarauta ne masu zubar da jini, suna zaɓar ƙashi da haƙori da ƙaho su yi makami, suna kashe dabbobi suna kashe juna. A maƙalarsa ta 1953 ya zana kakan ɗan Adam a matsayin makashi tun fil azal.

Wannan karon duniya ta saurare shi da sauri, wataƙila don mutanen da suka fito daga yaƙin duniya biyu a shirye suke su yarda cewa kisa a jininsu yake. Marubucin Amurka Robert Ardrey ya yaɗa ra'ayin a littafinsa African Genesis na 1961, kuma daga nan ya shiga fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968, inda biri ya ɗaga ƙashi ya mayar da shi kulki. Wanda ya warware zancen wani masani ne na Afirka ta Kudu, C.K. Brain. Ya je ƙauyukan makiyaya a hamadar Namib ya tattara ƙasusuwan awakin da mutane suka ci karnuka suka gwagwiya, ya ga sassan da suka rage su ne dai masu taurin nan da Dart ya ɗauka zaɓaɓɓun makamai ne. Ya nuna cewa kuraye da damisa da beguwa ne suka tara yawancin ƙasusuwan kogunan. A kogon Swartkrans ma ya samu ƙoƙon wani yaro da huda biyu a ƙeya, waɗanda suka yi daidai da fiƙoƙin damisa. Littafinsa na 1981 ya kammala cewa waɗannan halittu su ake farauta, ba su ke farauta ba.

Akwai kuma wani tabo da masu rubuta tarihinsa na baya-bayan nan ba sa tsallakewa. Mutumin da ya dage cewa Afirka ce tushen ɗan Adam bai yarda 'yan Afirka su kaɗai ne suka gina tsohon birnin duwatsu na Zimbabwe ba. Da masaniyar kayan tarihi Gertrude Caton-Thompson ta bayyana a 1929 cewa ginin na 'yan ƙasa ne, Dart yana cikin waɗanda suka yi mata ca, yana danganta wayewar yankin ga baƙi daga ƙetare. A 1936 ya shiga tawagar da ta je Kalahari tana auna jikin mutanen San, tana ɗaukar siffar fuskokinsu, don rarraba mutane jinsi-jinsi ta hanyar da kimiyya ta yi watsi da ita yanzu. Tarin ƙwarangwal ɗin da ke ɗauke da sunansa a jami'ar, akasarinsa na baƙaƙen fata ne da suka mutu ba wanda ya zo ɗaukar gawarsu. Ya ga abin da manyan Landan suka kasa gani a dutse, amma bai kuɓuta daga kallon da zamaninsa ke yi wa rayayyun mutanen nahiyar ba.

Ya yi ritaya a 1958, ya wallafa tarihin gwagwarmayarsa a shekarar da ta biyo. Lalurar motsin jiki da ɗansa ya zo da ita tun haihuwa ta sa ya karkata ga nazarin yadda ake farfaɗo da yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni, ya yi shekaru kusan ashirin yana kai da komo tsakanin Johannesburg da wata cibiya a Philadelphia. Ya yi tsawon rai har ya ga an haƙo Lucy a Hadar ta ƙasar Habasha a 1974, mai shekara miliyan 3.2, da sawun ƙafafun da tawagar Mary Leakey ta gano a Laetoli ta Tanzaniya a 1978, waɗanda aka taka a kan tokar dutse mai aman wuta shekara miliyan 3.6 da suka wuce. Duka biyun sun tabbatar da abin da ya faɗa yana matashi, cewa tafiya da ƙafa biyu ta riga girman ƙwaƙwalwa da nisa. A 1985 ya halarci taron cikar shekara sittin da bayyana yaron Taung, idanunsa sun kusan rufewa. Ya mutu a Johannesburg ranar 22 ga Nuwamba, 1988, yana da shekara 95.

Bayan mutuwarsa binciken ya matso yamma. A 2001 tawagar Michel Brunet ta samo wani ƙoƙon kai a hamadar Djurab da ke arewacin Chadi, wani ɗan ƙasar mai suna Ahounta Djimdoumalbaye ne ya fara ganinsa. An sa masa suna Toumaï, an ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan bakwai, kuma har yau masana na gardama a kan ko ya yi tafiya a miƙe. Ɗaya daga cikin manyan hujjojin da ake kafawa ita ce dai wurin da ramin laka yake, ma'aunin da Dart ya yi amfani da shi a 1925. Hukumar UNESCO ta sa wurin da aka samo yaron Taung cikin wuraren tarihi na duniya a 2005.

Ƙoƙon yana nan a ajiye a Jami'ar Witwatersrand. Dart ya mutu yana zaton cewa dangin yaron mafarauta ne suka tara ƙasusuwan ƙananan dabbobin da aka same shi a cikinsu. A 1995 Lee Berger da Ron Clarke suka lura cewa tarin ya fi kama da abin da ake samu a ƙarƙashin sheƙar babbar gaggafa. A 2006 Berger ya sake duba cikin kwarmin idanun yaron, ya ga huda da ƙarce irin waɗanda faratan gaggafa ke bari a kan biran da take kamawa a dazuzzukan Afirka har yau.